Rumfar Husna ba ta yoyo

Salama gare ku mutanen waya. Masu tambaya ko mutuwa na yi, ban mutu ba, caji ne babu. Wadda kuma ta rubuto tana cewa in riƙa sa wa labarina ƙamshi, irin su doguwar mota da falo mai sanyi, 'yar'uwa ki yi haƙuri. Ƙamshin da na sani na ƙonanniyar roba ne, shi zan ba ku. Sababbin shigowa ku matso kusa.

Sunana Tasallah, ɗiyar Ɗanmaliki Mai Tampol, a nan Bagudo. In kun taɓa biyowa ta hanyar tasha kun ga allonmu: ƊANMALIKI DA ƊANSA, INJINIYOYIN TAMPOL NA ƘASA DA ƘASA. Ƙasa da ƙasar nan kada ta tsorata ku. Benin ce a bayan gida, ko akuyarmu ta yi nisan kiwo tana iya dawowa 'yar ƙasa da ƙasa. "Ɗansa" kuma shi ne yayana Malami, mai farar shadda da gilashin da babu magani a cikinsa. Ni ba na kan allo. Ni ina bayan gida, ni ce nake yin aikin.

Baba ya fara sana'ar nan ne shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Kowa na son rumfa don biki, shi kuma yana da basilla da zare. Ya ɗinka musu rumfuna masu kyau, sai dai damina ce. Ruwa ya bi ramukan basilla ya sauka a kan hulunan manya, ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar Baba ya gane duk inda allura ta shiga ruwa ma zai shiga. Ya ƙetara Benin, ya ga wani tsoho yana haɗa tampol da ƙarfen da ya gasa a garwashi, babu zare babu gam. Ya zauna wurinsa har ya iya. Daga baya ya sayo injin hura zafi, wanda a gidanmu muke kira bindiga.

Aikin ba shi da wani sirri, kada Yaya Malami ya ruɗe ku. Ka goge bakin tampol biyu tas, ka ɗora ɗaya kan ɗaya kamar faɗin yatsu uku. Ka zura bakin bindiga a tsakaninsu, iska mai zafi ta narkar da robar sama da ta ƙasa, kai kuma kana biye da rola kana dannawa. Rola 'yar taya ce mai mariƙi. Zafi, tafiya, danni, shi ke nan. Ka yi sauri, ba ta narke ba, gobe ta ɓare. Ka yi nawa, ta ƙone ta yi baƙi ta ƙudundune. In ta kama da kyau za ka ga ɗan narkakken roba ya leƙo a gefe kamar zare. Tampol mai nauyi na manyan motoci zafinsa daban, shuɗiyar ledar nan ta shanyar shinkafa nata daban, kuma ko za ka kwana kana hura musu wuta ba za su kama juna ba.

Ba wanda ya koya min. Makaranta na tsaya a aji uku na sakandare, sauran karatuna a waya na yi shi, da takardun da ake ƙunsa ƙosai. Aikin kuma da ido na ɗauke shi, ina kai wa Baba ruwa. Ran nan ya fita sallah ya bar bindiga, na ɗauka na ƙarasa masa layi. Ya dawo ya shafa, ya ce, "Ƙara wani in gani." Na ƙara. Da na san abin da nake ƙarawa, da na ƙona shi.

Don ba a jima ba idon Baba ya yi yana, hannunsa ya fara rawa. Sai aka ga bai dace kwastoma su san mace ke yi musu aiki ba, aka ce a kewaye min wuri a bayan gida. Da me? Da tampol mana. Wa zai haɗa? Ni. Kore ne, mai kauri, bango huɗu da rufi, da 'yar taga wajen katanga saboda hayaƙi. Ni na auna, ni na yanka, ni na liƙe. Ba yabon kai ba, ko iska ba ta shiga.

Haka muke. Yaya Malami yana gaba yana karɓar aiki yana cewa "tekinoloji". Yana ba direbobi labarin injin da ke tafiya da kansa a kan tampol da harshen ƙarfe mai zafi, da wani babba a Kwatano da ke haɗa roba da lantarki kawai, ka taɓa shi ka ji sanyi. Duk gaskiya ne, akwai su, na gani a waya. Mu dai ba mu da su. Aikinsa ɗaya a gidan nan: ya tayar min da janareta da safe. Ni in yi liƙi. Baba yana zaure a kan tabarma, duk abin da na gama sai an kai masa ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe kafin ya fita.

To, Bilyamin.

Ɗan masunta ne daga Lolo, bakin Kwara. Ya bar jirgi ya koma kiwon tarwaɗa a tankin tampol, yana kai wa 'yan ƙetare. Baƙi ne dogo, rigarsa kullum da alamar ninki kamar yanzu ya ciro ta daga ƙarƙashin katifa. Ranar farko ya kawo tanki mai yoyo, Yaya ba ya nan, Inna ta ce in sa hijabi in karɓa a zaure. Na karɓa, na gyara. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da wani. Aka jima ya sake dawowa, kuma kullum sai lokacin da Yaya ya tafi shan shayi.

A zuwa na kusa da ƙarshe na buɗe tampol ɗin na duba ramin. Miƙaƙƙe sar, bakinsa tsaf.

Na ce, "Malam, tarwaɗarka da reza take yawo?"

Ya sunkuyar da kai. "Wagga dai tana da ƙaya mai kaihi."

"Ka raba ta da rezar nan, kada ta ji ma wani."

Baba yana gefe ya yi tari irin na wanda ke ɓoye dariya. Da yamma saƙo ya shigo wayata, ban san inda ya samo lambar ba, ina zargin Inna.

"Salam. Mai tarwaɗa ne. Na karɓe rezar."

Na ce, "Madalla."

"Amma yanzu ba ni da dalilin zuwa."

"To ka zauna gida."

"Na san ke ke liƙin nan ba Injiniya ba."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Hancina. Shi turare yake, ke roba."

Ku faɗa min, 'yan'uwa, a littattafan da kuke karantawa akwai wadda aka taɓa sace wa zuciya da cewa tana warin roba? To ga ta nan. Na karanta saƙon nan har wayar ta mutu.

Abin da ya fi kama ni, na taɓa gwada shi. Na ce in mun yi aure zan riƙa gyara masa tankuna kyauta. Ya ce a'a, zai ci gaba da kawowa Bagudo ya biya, shi ba bindiga yake nema ba. Ya ce a gidansu ɗakin da ya gina tagarsa na kallon ruwa. Taga mai kallon ruwa. Ni da tawa ke kallon katanga.

Manyansa suka zo da goro, cikin manyan riguna masu warin adaka. Inna ta yi musu fura, ni ina bayan labule ina cin farce. Baba ya karɓe su da mutunci, ya yabi asalinsu, ya yabi kifinsu. Sannan ya ce:

"Ban hana ba. Yaro na gari na. Amma ku dubi idona. Ɗiyar ga ita ta hannun gidan ga. Ku bari ta koya ma wanta aiki. Ranar da Malami ya haɗa tanki da hannunai, anka cika shi da ruwa tun sahe har la'asar bai zuba ba, ku zo ku sa rana."

Suka ce wannan ai magana ce ta hankali. Ni ma na ce haka. Aikin da na ɗauka da ido ina kai ruwa, wane irin kai ne zai kasa ɗauka ana nuna masa?

Kan Yaya Malami.

Ya shigo ɗakin tampol da safar hannu da takunkumi da gilashi biyu, nasa da na masu walda. Ya ce kafin a fara sai ya yi min bayanin tiyori. Na ce Yaya riƙe bindiga. Ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wasu. Layin farko ya ruga da gudu, na sa yatsa biyu na ɓare shi, ciki na sheƙi kamar ba a taɓa ba. Na ce rage sauri. Ya tsaya cak a wuri ɗaya har tampol ya huje, hayaƙi ya kore mu waje. Ya ce matsalar boltej ce. Washegari ya ce iska ce ke da danshi. Wata rana ya ɗauko shuɗiyar leda zai liƙa wa tampol ɗin tirela, na ce ba sa kamawa, ya ce a Turai suna kamawa.

Na yi lallashi. Na yi faɗa. Na kama hannunsa na ja shi a kan layi kamar mai koya wa yaro rubutu. Rani ya wuce, damina ta shigo.

Da muka gaji aka yi gwajin. Aka kafa tankinsa a tsakar gida, 'yan garuwa suka yi ta juye jarkoki. Yaya na tsaye da hannu a baya yana zagayawa. Ruwa bai kai gwiwa ba kusurwa ta buɗe baki. Ya tafi da murhun Inna, ya tafi da kwanukan wanke-wanke, ya shiga zaure ya jiƙa tabarmar Baba. Kaji suka hau turmi.

Baba ya ɗaga ƙafafunsa ya ce, "To. Ba yau ba."

Yaya ya ce, "Firesha ce ta yi yawa."

Na koma ɗakina na kore na zauna a kan nadin tampol. Ban yi kuka ba, a ɗakin nan hawaye ba ya daɗewa, zafi ke shanye shi. Saƙon Bilyamin ya shigo.

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe kaji a kan turmi."

Ya turo fuskar dariya, sannan ya goge ta. Can ya rubuto: "Tasallah, Gwaggona ta fara magana. Akwai ɗiyar ƙanenta a Malanbil, can ƙetare. Ta ce in azumi ya kama ba a sa rana ba, za ta aika can. Ina ta ja, amma ni ɗaya ne."

Na ce, "Na ji."

"Ki ce wani abu mana."

"Ɗiyar Malanbil ɗin, warin me take?"

Na kife wayar. Ban so ya amsa ba.

Yanzu ku gyara zama, ga abin da ya sa na ɗauko waya yau.

Ranar Juma'a ba ma tayar da janareta sai bayan masallaci. Inna ta dubi kaina ta ce ya zama kamar sheƙar angulu, in je in yi kitso. Na sa atamfata mai ruwan ganye, wadda gefen zanenta ke da ɗan ƙuna, na tafi gidan su Husna. Husna ita ce mai kitson unguwarmu, fara, mai son jan baki, kuma duk Bagudo an san ita Yaya Malami ke nema, ban da shi da yake zaton sirri ne.

Na tarar ta yi sabuwar rumfa a tsakar gida, ta shuɗi da fari, faifai-faifai an haɗa. Ta ce, "Ƙanwar miji, yau an sako ki?"

"Beli anka ba ni. Yi mini shuku, kada ki ja."

Ta ja. Kun san mai kitso in ta zo gaban goshi, sai ta tanƙwara miki wuya baya ta kafa kanki a gwiwarta, ba ki da abin kallo sai sama. To sama na kalla.

Abin da mai dafa abinci ke yi in ta ci girkin wata, shi nake yi in na ga tampol. Idona ya bi layin haɗin. Miƙaƙƙe. Faɗinsa ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. Ga zaren narkakken roba ya leƙo a gefe, siriri, bai yanke ba ko sau ɗaya. Babu ƙuna, babu kumburi. Na ji wani ɗan kishi, na ce wane ne wannan ya shigo garinmu?

Sai na ga ɗigon.

Rolarmu ta taɓa faɗuwa a kan dutse, bakinta ya ɗan ɓantare. Tun daga nan duk juyin da ta yi sai ta bar ɗan ɗigo a kan roba mai zafi. Duk tampol ɗin da ya fita daga gidanmu yana da shi. Ga shi nan a rumfar Husna, ɗigo, ɗigo, ɗigo. Na ce to aikina ne na manta. Amma ni bahaguwa ce. Rola a hannun hagu nake riƙe ta, sawunta kullum hagu yake kwanciya. Wannan dama ya kwanta.

Na ce, "Husna, wa ya yi miki rumfa?"

Ta yi wani fari da ido, ina ganinta a juye. "Wa kuwa? Injiniya mana. Da hannunai. Ranar da kunka tahi suna ke da Inna, ya zo da injin da ɗan ƙaramin janareta, ya tuɓe riga, kahin la'asar ya gama. Ruwan shekaranjiya duk ƙarhinai ko ɗigo bai sauko ba. Yayanki akwai hannu, wallahi."

"Akwai," na ce.

"Mi ya sa wuyanki ya yi tauri? Saki mana."

A ƙarshen layin ya bar 'yar jela bai datse ba, tana lilo. Da ta gama na ce ta ba ni almakashi in gyara mata, kada ta ɓata kyan rumfa. Ta yi ta godiya. Na yanko jelar, tsawon tafin hannu, da haɗin a tsakiyarta. A hanya na tsaya bayan wani kango na kama gefe biyu na ja da duk ƙarfina. In liƙi na ƙarya ne, rabuwa yake salin-alin. Wannan bai rabu ba. Robar ce ta ɗaye ta bar zaren ciki a fili, haɗin yana nan daram. Ko ni sai ranar da na tashi da ƙafar dama nake yin irinsa.

Na samu Yaya a shago shi kaɗai, yana goge gilashi da bakin riga. Na ajiye jelar a kan tebur.

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya cire gilashin ya ajiye, kuma wallahi rabon da in ga fuskar yayana babu shi har na manta kamarta.

"Na ce mata ta bari in datse," ya ce.

"Boltej bai dame ka ba ran nan?"

"Tasallah."

"Danshi fa? Firesha?"

"Zauna."

"Ba ni zama. Damina guda kana ƙona mini tampol kana ƙona mini rai. Ka san abin da ke jirana. Ka sani, Yaya."

Ya ce, "Na iya tun kina firamare." Babu Turanci ko ɗaya a bakinsa. "Na riga ki shiga aikin ga. Na ga Baba ya shiga da ido biyu, na ga yadda ya hito. Kina jin tarin da yake da asuba? Hayaƙin roba na. Duk wanda anka san ya iya a gidan ga, ya shiga ke nan. Ke da kanki kinka ɗauki bindiga ran nan, ba wanda ya aike ki. Ni ina kallonki ta taga, na ce wagga yarinya ta kashe kanta."

"Ba ka hana ni ba."

"Ban hana ki ba."

Na jira ya ce in yafe masa. Bai ce ba. Ya mayar da gilashinsa.

Na ce, "Zan kai ma Baba."

Ya ce, "Kai mishi."

Yadda ya faɗe shi ya kamata ya sa in tsaya. Ban tsaya ba.

Baba na zaure bayan la'asar, da carbi, da rediyonsa a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi, na sa jelar a tafin hannunsa. Yatsunsa suka bi ta. Rawar hannun nan tasa in ya taɓa haɗi sai ta tsaya, ban san dalili ba. Ya bi gefe, ya bi ɗigon, ya juya ta, ya bi inda na ja.

"Aikin Malami na," ya ce. "Har yanzu shina danna rola da yawa wajen ƙarshe."

Na ji kamar an zuba min ruwan tanki a ka. "Baba, ka sani?"

"Wa kike zaton ya koya mishi?"

"To gwajin fa? Tankin? Mutanen Lolo da ka ce ma su jira?"

Ya kashe rediyo. "Ɗiyata, saurara. Na taɓa rufe Malami a kan aikin ga, kina ƙarama. Sati bai cika ba ya ɓace. Daga Paraku, can cikin Benin, anka ɗauko mini shi, shina wanke motoci. Uwarku ta kusa zaucewa. Liƙi ya iya, zama na bai iya ba. In na matsa mishi yau, gobe ya ƙetare, kuma yanzu ba ni da idon zuwa nemanai. Na ce ko in ya ga aurenki na hannunai, kunya ta kama shi ya zauna da kanai."

"Ba ta kama shi ba."

"Ba ta kama shi ba tukun."

"Ni fa, Baba?"

Ya lalubo kaina, ya dafa sabon kitson da ke min zafi. Muryarsa ta yi taushi, irin ta yabo.

"Ke ai ba ki iya gudu ba, Tasallah. Allah shi yi miki albarka."

Na ce amin. Me zan ce? Albarka ce aka sa min.

Na shiga ciki. Inna na bakin murhu tana tuƙa tuwo, kuma zauren gidanmu ba shi da ƙofa ta ciki, duk ta ji. Ba ta dube ni ba. Ta yi ta tuƙi, sannan ta ce wa tukunya:

"Ni dai a gidanmu, wan uba ke ba da ɗiya, ba uba ba. Baffanku Hassan na can Tsamiya, da ranai da lahiyatai. Mutum na mai faɗa, ko Babanku ba shi musu da shi." Ta ɗaga muciya ta duba. "Ni ban ce komi ba. Da tuwo nike."

Da na shiga ɗaki na tarar da hijabina mai ruwan toka a goge, an ninke a kan gado, da kuɗin mota a cikin ninkin.

Tsamiya bakin iyaka ce, ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Ban taɓa zuwa ko'ina ni kaɗai ba, in ban da kitso. Amma maganar Baba ta tsaya min a wuya. Ban iya gudu ba. To liƙin ma ai ban iya ba da farko. Karatun ma haka. Duk abin da na iya a duniyar nan ni na koya wa kaina.

Yau da safe Yaya ya tayar da janareta kamar kullum ya shiga wanka. Na ɗauki rola na sa masa a cikin takalminsa mai sheƙi a ƙofar ɗaki. Na sa hijabi. Na wuce Baba a zaure, ya ce, "Wa ke nan?" na ce ni ce, ya ce a sayo masa batirin rediyo in zan dawo. Na ce to.

Na tura wa Bilyamin: "Na tafi wurin Baffa. Ka riƙe Gwaggonka."

Ya amsa nan take: "Na riƙe ta da hannu biyu. Allah Ya tsare hanya."

A tasha na samu motar Tsamiya, saura mutum biyu ta cika. Na shiga baya, kusa da wata tsohuwa mai kwandon kaji. Iska na shigowa ta taga, iska ta gaske, babu roba a cikinta. Ɗan kamasho na ta ihu, saura ɗaya, saura ɗaya. Sai ya ce, "Yawwa, ga shi. Hajiya matsa mishi."

Na matsa. Farar shadda ta shigo, da jaka a kafaɗa, da turaren da na sani tun ina yarinya.

Yaya Malami ya zauna, ya ja ƙofa. Ya buɗe jaka ya ciro rola ya ɗora min a cinya.

"Kin mance kayanki."

"Naka na."

"Tsamiya za ki?"

"Awo. Kai fa?"

"Gaba da nan."

Na ɗauke rolar na ajiye a kan kujera tsakaninmu. Na ce, "Ka kashe janareta?"

Ya ce, "Na zaci ke kinka kashe."

Wato yana can yana ruri a bayan gida, babu kowa a ɗakin kore, tampol ɗin tirela na shimfiɗe rabi a liƙe, mai shi zai zo da azahar. Baba na zaure yana jin ƙarar inji, hankalinsa kwance, yana jiran batir.

Daga kujerar bayan nan nake rubuta muku wannan. Mota ta cika amma ba ta tashi ba, direba ya je sayen mai a galan. Wayar Yaya ta yi ƙara, ya duba, ya kife ta a gwiwa. Yanzu tawa ce ke yi, sunan Baba ne a kai, ina ture shi gefe ina ci gaba da rubutu. Yaya na kallon gaba ta cikin gilashinsa kamar babu ruwansa. Ya san ni. Jira yake in sauka, don duk rayuwarmu ni ce ke sauka.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, ƙafata ta dama sai motsi take, ita da kanta, tana neman ƙasa. Na ɗora mata hannun hagu na danne, irin dannin da nake wa tampol har ya kama.

Ga direba can ya taho da galan.